Idan Kai Ya Cushe: Yadda Ma'aikaci Mai ADHD Zai Gane Kaya Sun Fara Yi Masa Yawa

Ƙanina tela ne, kuma duk wanda ya taɓa sa ɗinkinsa ya san hannunsa na da kyau. Wata shekara, saura kwana tara ƙaramar Sallah, na leƙa shagonsa da hantsi. Yadudduka sun yi tsibi har sun tare taga, shi kuwa yana zaune gaban keke yana ware maɓallai a cikin gwangwani, farare gefe, baƙaƙe gefe. Wayarsa na kife a kan benci tana ta ruri. Na ce, "Kai, ba ka jin kira ne?" Ya ɗago ya ce, "Yaya, kaina ya cushe. Wallahi ban san wanda zan fara yankawa ba." Ranar na yi masa faɗa sosai, na ce wasa yake da sana'a. Sai bayan shekaru, da likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar yana da ADHD, wato lalurar da ke hana hankali tsayawa wuri guda, na gane cewa mutumin da na tarar a shagon nan kaya ne suka danne shi, kuma alamun sun fi mako biyu suna nuna kansu ba wanda ya lura, har shi kansa.

Ba kowane tela mai saɓa alƙawari ke da ADHD ba, kuma wannan rubutu ba zai gaya wa kowa ko yana da shi ba. Aikin likita ne wannan. Na rubuta shi ne don wanda aka riga aka tabbatar masa, ko yake da ƙwaƙƙwaran zato, da kuma mutanen da ke zaune da shi a gida ko a wurin aiki.

ADHD yanayi ne da mutum ke tasowa da shi tun yarinta. Yana shafar yadda ƙwaƙwalwa ke tsayar da hankali wuri guda, da tsara abin da za a fara da wanda zai biyo baya, da danne gaggawa. Gado na da babban hannu a ciki, domin binciken da aka yi a kan tagwaye ya ɗora fiye da kashi 70 cikin 100 na lamarin a kansa. A cikin manya, kusan mutum 2 zuwa 3 cikin kowane 100 ne ke ɗauke da shi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe ragamar tsari, shi ne abin ya fi taɓawa, tare da sinadaran da ke kai saƙo a wurin, wato dofamin da noradirenalin. Russell Barkley, masanin Amurka da ya daɗe yana bincike a kan wannan fanni, yakan nanata cewa mai ADHD ya san abin da ya kamata ya yi sarai, aikata shi a lokacin da ya dace ne ke gagararsa.

Ni yadda na fi fahimtarsa shi ne da allo. Kowa na da allon da yake rubuta abubuwan da ke gabansa a cikin kai. Allon mai ADHD ƙarami ne, kuma yakan wanke kansa ba tare da neman izini ba. Aiki uku ya ishe shi. Idan aka jibga masa goma sha biyu, rubutu ya hau kan rubutu, sai ya kasa karanta ko layi ɗaya. Wannan shi nake kira cushewar kai a nan.

Mataki na farko: san yadda kake a ranar da kake daidai

Mai ADHD ko a ranar da ya fi kowa walwala yakan manta makulli, ya makara, ya bar shayi ya huce. Saboda haka mantuwa kaɗai ba ta nuna komai. Abin da ake nema shi ne canji daga yadda ka saba.

Zaɓi mako guda da aiki bai yi zafi ba, ka rubuta abubuwa huɗu ko biyar a ƙaramin littafi ko a waya: ƙarfe nawa kake yin barci, sau nawa kake cin abinci, saƙo nawa ke kwana ba ka amsa ba, minti nawa kake ɗauka kafin ka fara aikin farko bayan ka isa. Kada ka ƙawata. Idan a ranar lafiya kana barin saƙo biyar, to biyar ne ma'auninka. Ranar da suka kai talatin ka san akwai magana.

Mataki na biyu: karanta alamun da ke fitowa a wurin aiki

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa, domin yawancin alamun suna zuwa ne da kamannin wani abu daban, kuma kamannin da suka fi ɗauka shi ne lalaci.

Ta farko ita ce daskarewa. Ma'aikacin sakatariya ya buɗe fayil, ya karanta layin farko sau shida, ya rufe, ya buɗe wani. Malamar makaranta ta ajiye takardun jarrabawa na aji huɗu a gabanta, jan biro a hannu, har aka tashi ba ta duba ko goma ba. Wanda ke kallo daga nesa zai ga mutum zaune ba ya komai. A ciki kuwa kai na gudu kamar injin niƙa, kowane aiki na ihu cewa shi ne na gaggawa, kuma tunda duka murya ɗaya suke yi, ba a iya zaɓar ɗaya. Hanyar bambance wannan da hutu mai sauƙi ce. Mai hutu yana tashi da sauƙi a jiki, wanda ya daskare kuwa yana tashi a gajiye fiye da wanda ya yini yana aiki.

Ta biyu ita ce aikin fakewa, irin ware maɓallan ƙanina. Rahoto na jiran ka amma ka tsiri share teburi, gyara sunayen lambobin waya, jera rasit na bara. Hannu na motsi, shi ya sa zuciya ke samun ɗan sauƙi, amma babban aikin na nan inda yake. Idan ka ga kwana biyu a jere kana ƙwazo a kan abin da ba wanda ya tambaye ka, tambayi kanka wane aiki kake kewayewa.

Ta uku, wadda a ganina ta fi kowacce saurin bayyana, ita ce gudun waya. Kira ya shigo, gabanka ya faɗi tun kafin ka ga sunan. Ka daina buɗe WhatsApp don kada a ga ka karanta. Ka canza hanya don kada ka wuce ta ƙofar ofishin oga. Kowane saƙon da ba a amsa ba yana zama bashi, kuma kullum bashin na ƙara nauyi, har amsar da da za ta ɗauki minti ɗaya ta koma abin da sai an shirya dogon ban haƙuri. Mutane da yawa sun rasa kwastomomi da abokan arziki ta wannan ƙofa, ba tare da wani saɓani ya taɓa shiga tsakani ba.

Akwai kuma kurakuran da ba ka saba yi ba. Mai POS ya tura kuɗi sau biyu, ko ya juya lamba. Mai shago ya ba da canji fiye da ƙima. Direba ya wuce kwanar da yake bi kullum. Ga wanda aikinsa ya shafi rayuka, kamar nas mai raba magani ko mai tuƙa babbar mota, kuskure ɗaya irin wannan ya isa a ɗauke shi da gaske a ranar, kada a jira na biyu.

Lokaci ma yakan ɓace. Dama mai ADHD bai cika jin tafiyar lokaci a jikinsa ba, amma idan kai ya cushe abin na ninkuwa: ka ce minti biyar, ka ɗago ka ji ana kiran La'asar. Wasu sukan lura da shi a sallarsu tun kafin su lura da shi a ofis. Rafkanuwa ta yi yawa fiye da yadda aka saba, mutum ya kasa tuna raka'a ta nawa yake, ko ya riƙa cewa bari in ƙarasa wannan har lokaci ya ƙure. Wanda ya ga haka a kansa kada ya tsaya a zargin imaninsa kawai, ya duba kayan da ke kansa ma.

Alama ta ƙarshe a wannan sashe ita ce mai yaudara, domin yabo ake yi mata. Bayan kwanaki na daskarewa, wa'adi ya matso, tsoro ya kunna ƙwaƙwalwa, sai mutum ya kwana biyu a zaune ya gama aikin mako guda. Oga ya ce ai ka iya in ka ga dama. Shi ma ya yarda da haka. Amma ƙarfin da aka ci aro ne daga mako mai zuwa, kuma za a biya shi da kwana uku na kwanciya ko da rashin lafiya. Idan aikinka ya koma ba ya tafiya sai da irin wannan kwanan zaune, wata bayan wata, kayan sun daɗe da fin ƙarfinka.

Mataki na uku: saurari jiki

Barci ne ke fara lalacewa. Manya masu ADHD da yawa agogon jikinsu dama a makare yake, barci ba ya zuwa da wuri. Idan kaya suka yi yawa, sai ƙarfe biyu ta yi mutum na riƙe da waya, jiki a gajiye, ido a bushe, saboda dare ne kaɗai lokacin da ba mai neman wani abu a wurinsa. Rashin barcin kuma yana ƙara tsananta kowace alama ta ADHD washegari, sai abin ya zama zagaye.

Sai abinci: a yini ba a ci ba don an manta, da dare a ci na mutum biyu. Ciwon kai, ɗaurewar wuya da kafaɗa, cije haƙora, ɓacin ciki. Hayaniyar da aka saba da ita ta koma azaba, ƙarar janareton maƙwabci, rediyon abokin aiki, kukan yaro, har wuyan riga da ke gogar fata.

Ka kuma ƙirga abin da kake sha don ka tsaya da ƙafa. Shayi ɗaya ya koma huɗu, goro ba ya fita daga baki, lemun ƙara kuzari ya zama na kullum. Daga nan zuwa ƙwayar da wani abokin aiki zai miƙo yana cewa tana sa a yi aiki ba gajiya, tazarar ba ta da yawa, kuma mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa samarinmu da matanmu, har gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Masu ADHD da ba su samu kulawa ba sun fi sauran mutane haɗarin faɗawa shaye-shaye. Ranar da ka ji zuciyarka ta fara karkata can, ranar ce ta neman likita.

Mataki na huɗu: lura da zuciya, musamman kunya

Fushi yakan zo da sauri a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yaro ya zubar da ruwa ka daka masa tsawar da kai ma ka tsorata. Gyara kaɗan daga shugaban aiki ta tsaya maka a ƙirji kwana uku. Wasu kuka ne ke zuwa musu a banɗakin ofis, su wanke fuska su fito kamar ba komai.

Amma wadda ta fi ɓarna ita ce kunya, domin ita ke rufe sauran. Mutumin da tun yana firamare ake ce masa mai ƙiriniya, marar ji, mai ƙwaƙwalwa amma ba ya mai da hankali, yakan girma da tabbacin cewa duk abin da ya lalace halinsa ne. Idan kai ya cushe ba ya cewa kaya sun yi yawa, cewa yake ni ne dai ba ni da amfani. Ga mu kuma da al'adar kara. Maƙwabci ya kawo ɗinki, surukai sun aiko, liman ya sa ka a kwamitin gyaran masallaci, ba ka iya cewa a'a, bakinka ya riga tunaninka amsawa. Idan ka ji kalmar "ba matsala" na fita daga bakinka alhali cikinka na juyawa, ka sa wannan a jerin alamunka.

'Yar'uwa mai aiki, naki ya fi ɓoyuwa. Mata da yawa nau'in rashin tsayuwar hankali ne ke gare su ba tare da ƙiriniyar da ake gani a yara maza ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gano su ba. Kin tashi daga ofis kin shiga kicin, ga aikin gida na yara, ga biki ga suna ga gaisuwar mutuwa, kuma duk ana sa ran ki riƙe su a ka ba tare da rubutu ba. A waje ana yaba miki da tsari, ba a san awa nawa kike kashewa wajen rufe ɓaraka ba. Ki duba ko girki ya fara ƙonewa a kai a kai, ko kina zama a mota ko a bakin gado minti ashirin kin kasa tashi, ko kin fara jin haushin sallamar baƙi. Mata da dama kan ce alamun sun fi tsananta a kwanakin da ke gab da al'ada. Ki sa ranakun a littafinki ki ga ko ke ma haka ne.

Mataki na biyar: tantance ko cushewa ce ko ta wuce nan

Cushewar kai tana da dalilin da ake iya nunawa da yatsa, kuma tana sauka idan an rage kaya. An ɗage wa'adi, an yi barcin kirki dare biyu, mutum ya dawo.

Idan hutun ƙarshen mako ya daina amfani, aikin da kake so ya fita daga ranka, kana jin ba ka tsinana komai, wata da watanni, wannan ya shiga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin ƙarewar ƙarfi saboda matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba. Alamu uku ta ambata: matsananciyar gajiya, nisantar aikin a zuciya, da raguwar ƙwazo.

Idan kuma baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu, kusan kullum, a gida da ofis, har abin da ke faranta maka rai a da ya zama ba ɗanɗano, ana iya zargin ciwon damuwa, wanda ke yawan haɗuwa da ADHD. Ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, su ma kan kawo gajiya da rashin natsuwa, kuma gwajin jini ne ke raba gardama. Wanda ya fara jin cewa gara ba ya duniya, ko yana tunanin cutar da kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A Nijeriya lambar kiran gaggawa 112 ce.

Mataki na shida: abin yi a sa'ar da ka gane

Tashi daga wurin na minti goma. Sha ruwa, yi alwala, taka zuwa bakin titi ka dawo. Sannan ka ɗauki takarda ka zazzage duk abin da ke kanka, babba da ƙarami, ba tare da tsari ba. Allon da ya cika ba a gyara rubutunsa a kai, sai an kwafe shi waje.

Daga jerin, ja layi ƙarƙashin abin da in ba a yi shi yau ba wani zai cutu. Da wuya su wuce biyu. Ɗauki ɗaya ka daddatsa shi har ya zama abin da hannu zai iya yi yanzu. "Gama rahoto" dutse ne. "Buɗe kwamfuta in rubuta kanun shafin farko" abu ne da ake iya yi kafin shayi ya huce. Lokutan salla kuma sun riga sun raba maka yini gida-gida, ka yi amfani da su: abu ɗaya tsakanin Azahar da La'asar ya fi alƙawarin gama komai kafin dare.

Biya bashin saƙo da gajeriyar magana. "Ranka ya daɗe, aikin bai kammala ba, zan kawo Alhamis da safe in sha Allah." Kada ka jira sai ka tsara uzuri, kuma ka ƙara kwana biyu a kan ranar da zuciyarka ta fara ba ka, domin lissafin lokacinka kusan kullum gajere ne. Idan fara aikin ya gagara, nemi wani ya zauna kusa da kai yana nasa. Masu ADHD da yawa sun shaida cewa zaman mutum a gefe kaɗai yana sa hannu ya motsa.

Mataki na bakwai: sa wani ya taya ka gani, sannan ka je wurin likita

Sau da yawa na kusa da kai zai riga ka gani. Zaɓi mutum ɗaya, mata ko miji, ɗan'uwa ko amini a ofis, ka gaya masa alamunka uku na farko tun kana lafiya, ku yarda da abin da zai ce idan ya gan su. Kai kuma da aka ba wannan amana, guji "me ya hana ka yi tun jiya?" Ba shi da amsarta, kunya kawai za ta ƙaru. Tambayar da ke aiki ita ce, "Wanne za mu fara?" Shugaban aiki zai taimaka matuƙa idan ya riƙa ba da umarni a rubuce, ɗaya bayan ɗaya, ya kuma faɗi wanda ya fi gaggawa.

Idan cushewar na dawowa duk wata, a je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Nijar akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Na san nauyin da sunan waɗannan wurare ke da shi a kunnen mutanenmu, na kuma san wasu za su fara kawo zancen sammu ko baki. A yi addu'a, a kuma nemi magani, ɗaya bai hana ɗaya ba. Tun Janairun 2023 Nijeriya ke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura.

Tafi da littafin da ka fara a mataki na farko. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, likita zai so ya san ko alamun sun fara kafin shekara 12, ko sun kai wata shida, ko kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da aiki. Don haka idan akwai tsohon katin sakamakon firamare, ko mahaifiya ko yayan da ya san yarintarka, za su yi amfani. Magungunan ADHD na likita ne kaɗai ya rubuta, kada a karɓa daga hannun aboki ko a kemis. Wanda ke kan magani kuma ya ga alamun sun dawo, ya koma a duba, kada ya ƙara wa kansa adadi.

Ƙanina yanzu yana rufe karɓar ɗinkin Sallah ranar goma ga azumi, ya rubuta hakan da alli a ƙofar shago don kada sai ya faɗa da baki. Yaron shagonsa ya san aikinsa: duk ranar da ya ga wayar a kife a kan benci har Azahar, sai ya ɗauko littafin awo ya ajiye a gabansa ya ce, "Maigida, na wa za mu yanka?"